Farautar ajiya a tsohuwar cocin ƙauye a Ingila: ido a ciki, hannu a waje

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Harlow ta aiko da wannan tambaya: "Maƙwabciyata Baturiya ta gayyace mu ranar Asabar, ni da yara biyu, wai mu je ƙauyen Greensted a yi jiyokashin (geocaching) a kewayen wata tsohuwar coci. Yara sun ƙi barina in huta sai an je. Mene ne wannan wasan, yaya ake yin sa, kuma ba tone-tone za mu je yi a makabartar mutane ba?"

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, babu abin da za a tona. Ki amsa gayyatar. Na daɗe ina wannan yawo a ƙauyukan Essex da Surrey, kuma wurin da aka zaɓa muku yana cikin waɗanda ni da kaina zan fara kai baƙo.

Wasan bai da wuyar fahimta. Wani ne zai ɓoye ɗan mazubi a wani lungu, ya auna lambobin wurin da GPS, ya ɗora su a shafin geocaching.com tare da ɗan bayani. Ke kuma ki ɗauki lambobin a wayarki, ki bi har ki gano mazubin. A ciki akwai 'yar takarda a naɗe. Ki rubuta kwanan wata da sunan da kika zaɓa wa kanki, ki mayar da shi daidai inda kika same shi, sannan ki shiga manhaja ki rubuta cewa kin samu. Babu kuɗi a ciki, babu zinariya. Idan mazubin yana da ɗan girma, akan tarar da tarkacen wasan yara, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya ɗauki abu ya ajiye kwatankwacinsa ko wanda ya fi shi. Ni ina kiran mazubin ajiya, don ma'anar kalmar ke nan, kuma haka zan ci gaba da kiran sa.

Asalinsa daga Amurka ne. Kafin shekara ta 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata siginar GPS da gangan ga farar hula, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga Mayu wani mutum, Dave Ulmer, ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don ya ga ko za a iya gano shi. Aka kuwa gano. A watan Satumba aka buɗe shafin da ajiya 75 kacal, yau sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Mutanen Ingila dai sun riga sun saba da irin wannan tun kafin a harba tauraron ɗan'adam. A 1854 wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can tsakiyar fadamar Dartmoor, duk wanda ya sha wahala ya isa sai ya jefa katin sunansa a ciki.

To me ya haɗa wasan da coci? A ƙarshen 2007 wani ɗan wasa ya fara jerin ajiyoyi mai suna Church Micro a Earlswood da ke Surrey, wasu suka ɗauka, kowace aka ba ta lambarta, yanzu sun wuce dubu goma a faɗin Birtaniya. Dalilin a fili yake. Cocin Ingila tana da gine-gine kusan 16,000, kuma da wuya ki shiga tsohon ƙauye ba ki tarar cewa cocinsa ce gini mafi tsufa a cikinsa ba. Hanyoyin ƙafa na gonaki a can suke haɗuwa, hasumiyarta ake hangowa daga nesa, ga kuma rubutu ko'ina: a duwatsun kaburbura, a benci, a allon sanarwa, a dutsen tunawa da sojojin ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. Mai son shirya wa mutane wasan lissafi ba ya rasa lambobi a irin wannan wuri.

Nan ne amsar damuwarki take, kuma in ba ki riƙe komai daga bayanina ba, ki riƙe wannan. A cikin harabar coci ido kaɗai ke aiki. Hannu sai an fita waje. Dokar wasan ta hana binne ajiya a ƙasa a ko'ina, balle a makabarta. Kafin a wallafa kowace ajiya sai wani mai tantancewa na sa kai ya duba ta, kuma a Birtaniya ba sa yarda a ajiye mazubi a filin coci sai da izinin masu kula da ita, wato limamin cocin da wakilan jama'arta. Saboda haka mafi yawan masu ɓoyewa sukan kauce wa harabar baki ɗaya. Lambobin da aka wallafa za su kai ki bakin ƙofa, ki shiga ki karanta abin da aka ce ki karanta, ki yi lissafi, lissafin ya fitar miki da sababbin lambobi, su kuma su kai ki wata hanyar ƙafa ko gindin shinge a wajen katanga, mita ɗari ko ɗari uku daga cocin. A can mazubin yake.

Bari in ƙirƙiro misali don ki ga yadda abin yake, amma ki sani wannan nawa ne, ba na Greensted ba. Shafin ajiyar zai ce tana N 51° 42.ABC E 000° 13.DEF, N na nufin arewa, E gabas. Sai ya ce A ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da ke jikin bencin da ke kusa da ƙofa. Kin je kin ga 1992, A ta zama 2. B ita ce yawan sunayen da suka fara da harafin W a dutsen sojoji, kin ƙirga uku, B ta zama 3. Haka har F. Kin cike gurabe shida, kin shigar da su a manhaja, kibiya ta juya ta nuna miki hanya. Ki kula da nauyin kowace lamba. A ɓangaren arewa, lambar ƙarshe tana daidai da kusan mita biyu, amma ta farko bayan ɗigo mita 185 ce. Wato in kika karanta 3 a inda aka rubuta 2 a gurbin A, kin tafi wata gona dabam. Masu kirki a cikin masu ɓoyewa sukan faɗi jimillar lambobin shida don mutum ya gwada lissafinsa kafin ya kama hanya. Ki duba ko an bayar, ki sa babban yaronki ya haɗa.

Karanta tsohon dutse shi ma sana'a ce. Ruwan sama na shekara ɗari biyu ya cinye rubutun, gansakuka ta hau kai, 1 ta koma kamar 7, 3 ta koma kamar 8. Kada ki kankare, kada ki goga da ganye ko makulli, kada ki bari yara su yi. Kunna fitilar wayarki, ki riƙe ta a gefen dutsen, kusa-kusa, yadda hasken zai bi fuskar dutsen a kwance. Nan take kowane sassaƙi zai yi inuwa, rubutun ya taso kamar yau aka yi shi. Ranar da na fara nuna wa ɗiyata wannan dabara, sunan wata yarinya ne ya fito, da shekarunta huɗu a ƙasa. Ɗiyata ta yi shiru, ta karanta shi sau biyu, ta manta da lambar da muka zo nema. Wani lokacin kuma shekarar da haruffan Rumawa aka rubuta ta, MDCCC shi ne 1800, sai ki ƙara abin da ya biyo baya.

Ita kanta cocin da za ku je, St Andrew ta Greensted, kimanin mil ɗaya take yamma da garin Chipping Ongar, kuma ana ɗaukar ta a matsayin cocin katako mafi tsufa da ke tsaye a duniya. Ki je jikin bangon tsakiya ki tsaya. Ba bulo ba ne, ba dutse ba ne, gungumen itacen ok ne aka tsaga biyu aka jera a tsaye, gefen da ke da doro yana waje, sun yi baƙi ƙirin sun tsattsage. Da can ana cewa tun shekara ta 845 suke, amma da masana suka ƙirga zoben shekarun itacen a 1995 sai suka gano bayan 1053 aka sare su, wato wajejen zamanin da Normawa suka ci Ingila a 1066. Ko a hakan sun haura shekara 900. Ɓangaren gabas na jan bulo an gina shi wajen shekara ta 1500, ga farar hasumiya ta falankin katako a yamma, sannan a shekarun 1840 aka yi babban gyara, aka datse ruɓaɓɓun gindin gungumen aka ɗora su a kan bulo. Yaro zai iya zagaya ginin sau ɗaya ya nuna miki zamani huɗu da yatsa.

Kusa da ƙofar shiga akwai kabarin da ya fi kowanne tsufa a wurin, wanda ake dangantawa da ƙarni na 12. Akwai kuma labarin da mutanen yankin suka gada cewa a 1013 an kwana da gawar Sarki Edmund a nan, a hanyar mayar da ita Bury St Edmunds daga Landan. Amma labarin da ya fi taɓa ni na talakawa ne. A 1834 aka yanke wa wasu ma'aikatan gona shida daga ƙauyen Tolpuddle a Dorset hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara bakwai, saboda sun yi rantsuwar asiri wajen kafa ƙungiyar neman ƙarin albashi. Jama'a suka yi ca, aka yi musu afuwa a 1836. Da suka dawo, magoya bayansu suka kama wa mafi yawansu gonaki a wannan yanki, kuma ɗaya daga cikinsu, James Brine, a wannan coci aka ɗaura masa aure a 1839. Ke da kike aiki a ƙasar, kina kuma jin ana maganar ƙungiyar ma'aikata, ga wani reshe na tarihinta a ƙarƙashin wannan rufi.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda na fara fita da shi kada ya ruga wajen mazubin. Mazubi roba ce da takarda mai danshi. Wanda ya ɓoye shi so yake ya sa ki tsaya a inda da za ki wuce a mota. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa, kuma ni ta wannan wasa na koyi ganin ƙauyukan ƙasar nan. A wasu cocin za ki ga ƙofa mai rufi a bakin harabar, kamar ɗan zaure, inda a da ake sauke makara a jira liman. A jikin bangon dutse na kudu wani lokaci akwai ɗan rami da layuka suka fito daga cikinsa kamar sawun kaza, agogon rana ne da ake soka tsinke a duba inuwa a san lokacin ibada, yadda tsofaffinmu ke duban inuwa su san azahar ta yi. Can ƙasa kusa da kusurwa kuma akan ga layi a kwance da kibiya a ƙarƙashinsa, alamar ma'aikatan safiyo na Ordnance Survey ce ta auna tsayin ƙasa. Masu shirya wasan suna son waɗannan abubuwa, sau da yawa su ne tambayoyin.

Akwai kuskuren da nake so ki guje wa, don ni na taɓa faɗawa. Layin Greenwich, wanda daga shi ake auna gabas (E) da yamma (W) a taswira, ya ratsa yammacin Essex, kuma Greensted tana gabas da shi, saboda haka lambobinta da E suke farawa. Mafi yawan Ingila tana yamma, hannu ya saba da danna W. Wata rana a wannan yanki na gama lissafi tsaf, na shigar, waya ta ce saura kilomita talatin da wani abu. Na sake ƙirga sunaye, na sake karanta benci, na kusa rabin sa'a ina zargin duwatsu, ashe harafi ɗaya ne. Idan kika sa W a lambobin Greensted, wayar za ta tura ki wajejen Potters Bar a Hertfordshire.

Idan lissafi ya yi kyau, kibiya za ta kai ki har ta ce saura mita biyar, daga nan ta fara rawa. GPS na waya yakan yi kuskuren mita uku zuwa biyar a fili, ya fi haka a ƙarƙashin itatuwa, kuma wayar wanda ya ɓoye ita ma ta yi nata kuskuren. To ki sa wayar a aljihu. Ki tambayi kanki, da ni ce, ina zan sa? Ki duba gindin turken alamar hanya, bayan yaɗon da ya naɗe kututture, ƙarƙashin tarin 'yan itatuwa da aka jera su daidai fiye da yadda iska za ta jera, ko bayan allon ƙarfe inda ake manna ƙaramin mazubi da maganaɗisu. Kalmar Micro da ke sunan jerin tana nufin ƙarami, kuma da yawa ba su wuce gwangwanin fim ɗin kyamarar da ba, wasu ma kamar kan ɗan yatsa suke. Shafin yana nuna girma, yana kuma nuna maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya. Da yara, ku tsaya a 2 ko ƙasa. Akwai kuma ɗan haske da mai ajiyar ke bayarwa a ɓoye, an juya haruffansa da tazarar goma sha uku, A ta koma N, manhaja za ta warware miki da dannawa ɗaya. Babu kunya a duba shi. Yara sun fi manya gani a wannan mataki, don idonsu ya fi kusa da ƙasa.

Abu ɗaya ne ban yarda da sassauci a kansa ba: kada a zaro dutse daga katanga. A Cotswolds da Yorkshire akwai katangun da aka jera dutse kan dutse ba siminti, wasu sun fi shekara ɗari biyu, kuma ƙa'idojin masu wasan na Birtaniya sun hana ɓoye komai a cikinsu. In kibiya ta nuna katanga, ajiyar tana kusa da ita ne, ba cikinta ba. Na ga wurin da masu gaggawa suka yi wa katanga giɓi, sai da mai gonar ya sa aka janye ajiyar, kuma yana da gaskiya.

Game da ladabi, abin da aka koya mana a gida ya isa. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a ihu a makabarta. Ki faɗa wa yara kafin ku sauka daga mota, ku bi 'yar hanyar da aka share. In kun tarar ana jana'iza ko ɗaurin aure, wanda yakan faɗo ranar Asabar, ku fara da yawon gona ku dawo daga baya. Safiyar Lahadi ta masu ibada ce. A watan Nuwamba za ki ga jajayen furanni a dutsen sojoji, a karanta sunaye daga nesa, kada a ɗaga furen. Idan akwai tsohon itacen yu, mai duhun ganye da jajayen 'ya'ya, ki riƙe ƙaramin yaro da kyau, ganyensa da ƙwayar ɗansa guba ne. Maganar shiga cikin ginin kuwa zaɓinki ne. Mafi yawan tambayoyin a waje ake shirya su, saboda ba kullum ake barin coci a buɗe ba, kuma a Greensted abin kallon ma daga waje aka fi ganin sa.

Sai wata magana da Baturiyar maƙwabciyarki ba lalle ta yi tunaninta ba, amma ni da ke dole mu yi. Masu wasan suna da al'adar ɓoye abin da suke yi daga idon masu wucewa, don kada wani ya ɗauke mazubin. A watan Yuli na 2011 a garin Wetherby da ke Yorkshire, an ga wani mutum yana ajiye ƙaramin akwati a kan titin kasuwa yana waige-waige, aka kira 'yan sanda, aka rufe titin na sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka tarwatsa akwatin, ashe ajiyar wasa ce. Mace mai hijabi ko baƙin mutum da ke laluben shinge kusa da coci, idon da za a kalle shi da shi ya fi haka kaifi. Don haka ni ba na laɓe-laɓe. Ina zuwa da rana, ina fara gaida duk wanda na tarar, in an tambaye ni in nuna waya in faɗi sunan wasan. Sau da yawa tsohuwar da ke gyaran furanni ta san da ajiyar, wata ma har ta nuna min gefen da zan duba, ta ƙara min da tarihin da babu shi a allo. Ki yi haka. Kuna tare da yara da 'yar gari, babu abin da zai faru in sha Allahu.

Daren Juma'a ki buɗe asusu kyauta, ki duba taswirar kewayen Greensted da Ongar, don ajiyoyi suna zuwa suna tafiya. Ki karanta rahoton mutum uku na ƙarshe da suka je. In duk sun ce ba su samu ba, wataƙila mazubin ya ɓace, ku zaɓi wani. Manhajar Geocaching ta kyauta masu sauƙi kaɗai take buɗewa, irin mai lissafin nan kuwa ki duba shi a shafin ta burauza, ko ki sauke wata manhajar mai suna c:geo in wayarki Android ce, ko ku yi amfani da ta maƙwabciyar. Ki ɗauki hoton shafin tun daga gida saboda sabis yakan yi rauni a ƙauye. Ki tafi da biro, don ƙananan mazubai ba su da shi, da hantsaki na zaro takarda, da takalmin ruwa, don laka ce ƙasar Essex kuma tana kama ƙafa. Dogon wando ga kowa, saboda wata ciyawa mai ƙaiƙayi da suke kira netil wadda take son gindin shinge, in kun dawo kuma a duba jikin yara ko kaska ta maƙale. Hanyar ƙafa ta Essex Way, wadda ta tashi daga Epping zuwa Harwich, ta bi ta gefen cocin, saboda haka kuna iya ajiye mota a Ongar ku taka ta gona. Kibiya rawaya a jikin turke tana nufin hanyar ƙafa ce da doka ta ba kowa, ku tsaya a kanta, ku bar kowace ƙofar gona yadda kuka same ta. In lokacin sanyi ne ku fita da wuri, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi.

Idan kun samu, ki bar ƙaramin ya buɗe, babban ya rubuta. Ku naɗe takardar sosai, ku rufe murfin har ya yi ƙara don kada ruwa ya shiga, ku mayar da shi a gurbinsa ku rufe da abin da kuka tarar a kai. A manhaja kada ki tsaya a gajeriyar godiyar nan ta haruffa huɗu, TFTC, da mutane ke yi, ki rubuta layi biyu ko uku, ki faɗi abin da yaran suka gani a jikin gungumen nan, don mai ajiyar yana karanta kowane rahoto. In kuma kun yi minti ashirin ba ku gani ba, ki rubuta cewa ba ku samu ba, da haka zai san ya kamata ya zo ya duba.